Mujallun 'yan punk a rumbun jami'a: adanawa daban, bazawa a intanet daban

A watan Yulin 1976 wani matashi ma'aikacin banki a Landan, Mark Perry, ya zauna da keken rubutu na yara da alƙalami mai kaurin baki ya haɗa 'yan shafuka a kan mawaƙan da yake so. Ya sa musu suna Sniffin' Glue, aka buga kwafi wajen 50 a injin fotokwafi, aka danne da ƙarfen sitefila, ya kai wa mai sayar da faifai. Babu edita, babu mai duba kuskure. Inda ya yi tuntuɓen rubutu sai ya ja layi ya wuce. Kafin shekara ta zagayo ana buga kusan 15,000, amma da aka fitar da ta 12 a 1977 sai ya dakatar, don ya ga kamfanonin kiɗa sun fara haɗiye harkar. Yau irin waɗannan takardu suna kwance cikin kwalaye na musamman a jami'o'i, a ɗakunan da ake auna zafinsu da laimarsu, kuma mai son taɓa su sai ya ajiye jakarsa da bironsa a bakin ƙofa ya shiga da fensir.

Ga wanda bai san punk ba, kiɗa ne na jita da ganga mai sauri da ƙara, waƙoƙinsa gajeru, da ya taso a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970. Ramones da Sex Pistols da The Clash su ne sunayen da aka fi ambata. A Birtaniya ya zo daidai da lokacin ƙunci: marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, tsadar kaya ta yi tashin gwauron zabi, har gwamnati ta je neman bashi wurin IMF a 1976. Aƙidar masu kiɗan ita ce kada ka jira kowa ya ba ka dama, yi abinka da hannunka. In ba ka iya jita sosai ba, kafa ƙungiya a haka. In jarida ta ƙi rubuta labarinku, samo almakashi da gam ka yi taka. Wannan mujallar hannu ita ake kira fanzin. Ba 'yan punk suka ƙirƙiro ta ba, masoya labaran kimiyya na ƙage a Amurka sun riga su tun shekarun 1930, amma injin fotokwafi ya faɗo hannunsu a kan kari, suka yi ta da yawan da ba a taɓa gani ba. New York tana da Punk ta John Holmstrom da Legs McNeil, Los Angeles tana da Slash da Flipside, San Francisco tana da Search & Destroy, daga baya kuma Maximum Rocknroll wadda ta fara fitowa a 1982 ta ci gaba har 2019. A ƙarƙashin waɗannan manya akwai dubbai da suka fito sau ɗaya ko sau biyu suka ɓace.

Me jami'a take nema a cikinsu?

Amsar ita ce shaida. Manyan jaridu ba su je ƙananan gidajen rawa na bayan gari ba, ba su yi hira da yaran da faifai ɗaya kawai suka fitar ba. Mai binciken da ke son sanin nawa ake biya a ƙofa, wane zaure ne ke yarda da 'yan ƙasa da shekara 18, me matasa ke cewa game da wariyar launin fata ko 'yan sanda ko shugabanni irin su Thatcher da Reagan, a fanzin zai samu, cikin bakin masu abin, kafin shekaru su gyara musu tunani.

Akwai wani zane da ya shahara a tarihin punk: hoton yadda ake danna wayoyin jita iri uku, da umarnin cewa to, ga su nan, je ka kafa ƙungiya. An daɗe ana jingina shi ga Sniffin' Glue a jaridu da hirarraki. Ba nata ba ne. Wata ƙaramar fanzin ce mai suna Sideburns ta buga shi, aikin Tony Moon. Babbar mujalla ta haɗiye sunan ƙarama kawai saboda ita aka fi tunawa, kuma da ba don takardar tana nan ana iya buɗewa ba, da ƙaryar ta zauna daram.

Cibiyoyin da kansu ba su tsira daga irin wannan mantuwa ba. A 2016 British Library, babban laburaren ƙasar Birtaniya, ta yi baje kolin cika shekara 40 na punk. Viv Albertine, mai kaɗa jita a ƙungiyar mata ta The Slits, ta ga allon gabatarwa ya lissafa ƙungiyoyin maza zalla. Ta zaro alƙalami ta rubuta sunan The Slits da X-Ray Spex da Siouxsie and the Banshees a jikin allon, ta sa hannu. Duk wanda ya taɓa buɗe fanzin ta lokacin ya san matan suna nan a kowane shafi, suna waƙa, suna ɗaukar hoto, suna bugawa.

Don haka aka yi ta tarawa. Jami'ar Liverpool John Moores tana riƙe da kayan da marubuci Jon Savage ya tara a kan punk na Ingila. Takardun Holmstrom suna laburaren Beinecke na jami'ar Yale. Jami'ar Cornell tana da nata babban tari. Jami'ar Maryland ta maida hankali kan birni guda, Washington. Mai karatu a nan gida ba zai ga abin baƙo ba sosai: littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, waɗanda masu ilmi suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji, ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa nemansu yanzu shi ne SOAS, makarantar nazarin Afirka da Asiya a Landan, inda Graham Furniss ya tara su.

Ciwon takarda

Fanzin ba a yi ta don ta tsufa ba, kuma kusan kowane abu da aka haɗa ta da shi maƙiyinta ne. Takardar jarida mai araha tana ɗauke da sinadarin itace da ke mai da ita ruwan ƙasa, ta bushe, ta riƙa karyewa a gefe. Ƙarfen sitefila yana tsatsa, tsatsar ta ci takardar daidai inda aka ninke, wata rana sai shafin tsakiya ya zame ya faɗo. Salatif yana sakin danƙonsa ya bar tabo mai kamar mai, ledar ta ɓare, abin da aka liƙa ya tashi. Tawadar fotokwafi kuwa ba ta shiga cikin takarda, garin roba ne da zafi ya narkar a samanta. In mai tsananin son kayansa ya sa mujalla cikin wata irin ledar roba mai laushi ya ajiye shekara 20, ranar da zai zaro sai ya tarar rubutun ya koma jikin ledar, takardar ta yi fari-fari. Sau da yawa wanda ya fi ƙoƙarin karewa shi ya fi ɓatawa.

Maganin ba wani abin mamaki ba ne: jakar takarda da kwalin da babu sinadari mai tsami a cikinsu, ɗaki mai sanyi wajen digiri 18, laima tsaka-tsaki wadda ba ta hawa da sauka, da ƙarancin haske. Gardama tana tasowa ne a kan ƙananan abubuwa. A cire ƙarfen da ya yi tsatsa ko a bar shi? In an cire an ceci takarda, amma an canza abin daga yadda mai shi ya ƙera shi. Ga kuma tarkacen da ke maƙale a ciki, sitika, takardar shiga wasa, faifan roba mai laushi kamar wanda ya zo da fitowar ƙarshe ta Sniffin' Glue. Kowanne da irin ajiyar da yake bukata, amma in aka raba su an raba labarin.

Ɗaukar hoton shafuka da na'ura shi ne aikin da mutane ke tsammanin ya fi wuya, alhali shi ne mai sauƙin. Ana ɗaukar uwar hoto mai nauyi wadda ba a matse ba, a ajiye ta, sannan a ciro ƙarami don intanet. Shafin A4 guda mai launi, in aka ɗauka da ɗigo 600 a kowane inci, yana kai megabait 100. Mujalla mai shafi 40 ta cinye gigabait 4 ke nan. Ana ɗauka da launi ko da baƙi da fari aka buga, saboda tabon shayi da kalar takarda da jan biron da mai ita ya bi ya gyara kwanan wata duk bayani ne. Mai aikin kuma dole ya san yadda aka ninke: takarda guda tana ɗauke da shafin farko da na ƙarshe gefe da gefe, in aka warware aka ɗauka a haka sai karatu ya hargitse.

Daga nan ake fara shan wuya. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto an horar da ita ne a kan layuka madaidaita. Ba ta jin rubutun hannu da ya zagaye gefen shafi, ko kanun da aka yi da haruffan da aka yanko ɗaya-ɗaya daga jaridu daban-daban. Sai mutum ya zauna ya buga da hannu, ko a haƙura da bincike ta kalma. Sai kuma rajista. Tsarin laburare yana tambayar sunan marubuci, kamfanin bugawa, gari da shekara. Fanzin takan zo da laƙabi maimakon suna, babu kwanan wata, lambar fitowa ta tsallake daga 3 zuwa 5 don raha, wani lokaci sunan mujallar ma ya canza a tsakiya. Ma'aikaci sai ya koma mai bin sawu: an yi bitar faifan da ya fito a bazarar 1983, an tallata wasan da za a yi a watan Oktoba, to tsakanin nan aka buga. Shi ya sa wanda ya fito daga cikin harkar ya fi wanda ya karanta ta a aji. John Davis, wanda ya gina tarin jami'ar Maryland, tsohon makaɗin ganga na ƙungiyar Q and Not U ne, kuma shi ma ya buga fanzin a ƙuruciyarsa. Ya san wa ke bayan wane laƙabi, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Cikin abin da jami'ar ta ɗauki hotonsa har da mujallun da Ian MacKaye na ƙungiyar Fugazi da kamfanin faifai na Dischord ya tara tun yana saurayi.

Inda gizo ke saƙa

Duk abin da aka lissafa a sama kuɗi da haƙuri suna warware shi. Abin da ba su warwarewa shi ne wannan: yarinya 'yar shekara 16 ta rubuta abin da ke cinta a 1992, ta buga kwafi 60, ta aika wa waɗanda suka turo dala ɗaya da kan sarki. Ta san kusan kowa da zai karanta. A bangon baya ta rubuta cikakken sunanta da adireshin gidan iyayenta, don ta nan ake aiko wasiƙa. Yau tana wajen shekara 50, tana koyarwa ko tana aikin asibiti, tana da 'ya'ya. In jami'a ta saka mujallar a intanet, manhaja ta karanta sunan, to duk wanda ya buga sunanta a Google, mai ɗaukar aiki ne ko maƙwabci ko mutumin da ta rubuta cewa ya ci zarafinta, zai faɗa a kai. Takardar ba ta canza ba, amma masu sauraro sun tashi daga 60 sun koma duniya, kuma ba a tambaye ta ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce ga masu kula da mujallun riot grrrl, tafiyar 'yan mata ta cikin punk da ta taso a 1991 a biranen Olympia da Washington na Amurka. Mujallunsu cike suke da maganar fyaɗe, dukan cikin gida, ciwon ƙwaƙwalwa, da sunayen mutane. Su kansu sun ɗanɗana yadda ake ciro magana daga muhallinta: da manyan jaridu suka yi musu caa a 1992 suna yanko kalamansu suna mai da su abin dariya, sai da yawansu suka yanke shawarar daina magana da 'yan jarida. Mutanen da suka rufe ƙofa da gangan, da wane hurumi wata jami'a za ta buɗe ta a madadinsu?

Jami'ar Duke, wadda ke da ɗaya daga cikin manyan tarin mujallun mata, ta ba da amsarta tun 2009. Ma'aikaciyar wurin, Kelly Wooten, ta bayyana a fili cewa ba za su saka su a intanet ba, ta kawo dalilai huɗu: izini, haƙƙin mallaka, sirrin mutane, da kuma cewa abin an yi shi ne don a riƙe a hannu. Kwalejin Barnard a New York, inda Jenna Freedman ta kafa ɗakin fanzin a farkon shekarun 2000, ta bi wata hanya mai kyau: tana neman kwafi biyu, ɗaya a killace, ɗaya a kan kanta ɗalibi ya ara ya kai ɗaki ya karanta a kan gado, yadda aka yi ta don a karanta. Laburaren Fales na jami'ar New York, inda Lisa Darms ta kafa tarin riot grrrl a 2009 da takardun mawaƙiya Kathleen Hanna da wasu, yawancin kayansa sai mutum ya taka ya je. A 2015 kuma gungun ma'aikatan laburare masu kula da fanzin suka fitar da ƙa'idojin aiki, waɗanda suka sa neman yardar mai rubutu a gaba.

Abin lura, doka ba ta da wani taimako sosai a nan. A Amurka abin da aka wallafa kafin 1978 ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba ya zama na kowa, haka ma wanda aka wallafa daga 1978 zuwa farkon Maris na 1989 in ba a bi an yi masa rajista cikin shekara biyar ba. Wane ɗan punk ne ya je yin rajista? Wasu ma sun rubuta a bango cewa kowa ya kwafa. Ke nan akwai ɗimbin mujallu da lauya zai ce a saka babu komai. Waɗanda suka biyo bayan 1989 kuma haƙƙinsu na nan har shekara 70 bayan mutuwar marubuci, marubucin da ba a san sunansa ba balle a same shi, ga mai hoto daban, mai zane daban, masu wasiƙu goma. Birtaniya ta buɗe hanyar neman lasisi ga irin waɗannan marayun ayyuka a 2014, amma bin shafi-shafi ana cike takarda ba aikin da ƙaramin sashe mai ma'aikaci biyu zai iya ba ne. Doka takan halatta abin da zai cutar da mutum, ta kuma tsare abin da mai shi zai yi murnar a baza.

A ganina waɗanda suka raba aikin gida biyu su ne suka fahimci lamarin. A ɗauki hoton komai, don takarda na mutuwa, gobara da ambaliya ba sa sallama. Amma ɗaukar hoto bai wajabta bazawa ba. Mujallar da hira da mawaƙa da bitar faifai ne cikinta, aka samu mai ita ya ce bismillah, a sake ta kowa ya gani. Wadda ta ƙunshi sirrin mutum, a bar hotonta a kwamfutar cikin ɗakin karatu, ko a rufe adireshi da lambar waya, ko a hana injin bincike karanta sunaye. Sannan a bar ƙofa a buɗe ga wanda zai zo bayan shekaru ya ce a sauke nawa, a kuma sauke ba tare da an sa shi kawo lauya ba. Na san abin da wannan ke jawowa: ɗalibin da ke Jakarta ko São Paulo, wanda ba shi da kuɗin jirgi da biza, an rufe masa wani sashe na tarihi, mai kuɗin tafiya kuma ya gani. Rashin adalci ne na gaske. Sai dai wanda aka hana karatu yana iya samu gobe in izini ya zo, wanda aka tona wa asiri kuwa babu mai mayar masa.

Kada kuma a ɗauka intanet tudun mun tsira ce. An rufe GeoCities, dandalin da mutane ke kafa shafukansu na intanet, a 2009 da shafukan miliyoyin mutane. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, sun salwanta wurin sauya rumbu, kuma nan ne 'yan punk na wancan zamanin suka zuba kayansu bayan sun bar takarda. A watan Oktoban 2023 masu kutse suka durƙusar da British Library kanta, aka yi watanni ba a iya kaiwa ga abubuwa da dama. Hoton kwamfuta yana bukatar a ajiye shi wuri fiye da ɗaya, a riƙa duba ko ya lalace, a riƙa sauya masa mazubi, a biya kuɗin wuta da ma'aikaci kowace shekara. Tallafin da ake ba jami'o'i kuwa yawanci na ɗaukar hoton ne, na shekara biyu ko uku. Fanzin ta 1977 da aka manta a akwati ƙarƙashin gado tana buɗuwa yau ba tare da caji ba.

Akwai masu cewa duk wannan cin amanar punk ne. Joe Corré, ɗan Vivienne Westwood mai tsara tufafi da Malcolm McLaren manajan Sex Pistols, ya loda kayan punk da aka ce sun kai fam miliyan 5 a jirgin ruwa a kogin Thames ranar 26 ga Nuwamban 2016 ya cinna musu wuta, don nuna fushinsa da yadda hukumomi suka rungumi bikin cika shekara 40. Ya ja hankali, amma wanda ya gaji tarihi a ɗakin uwarsa ne kawai ke da sukunin ƙona shi. Yarinyar da ta buga kwafi 60 a ƙaramin gari ba ta da wata shaida cewa ta taɓa wanzuwa a harkar sai takardar nan. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙofa: jami'a tana da mai gadi, tana neman katin shaida, tana rufewa da yamma lokacin da ma'aikaci ya tashi aiki. Laburaren jama'a na birnin Washington ya kafa nasa rumbun punk a 2014, har ya riƙa shirya wasan kiɗa a ɗakin ƙasa na ginin, kyauta, waɗanda suka ba da kayan suna shigowa su ga inda aka sa su. Jami'a tana da sanyin ɗaki da kuɗin na'ura, laburaren gari yana da mutane, kuma a Washington an samu duka biyun a kusa da juna.

Saura batun wa aka tara. Kwalayen sun karkata ga Landan da New York da California da Washington, don nan ne jami'o'i masu kuɗi suke, nan ne dillalan tsofaffin takardu ke kai kaya. Amma an yi punk mai zafi a Brazil da Meziko da Poland da tsohuwar Yugoslabiya da Indonesiya, a wasu wuraren ma ƙarƙashin gwamnatocin da ajiye irin wannan takarda kan iya jawo wa mutum ziyarar 'yan sanda. Maximum Rocknroll ta shafe shekaru tana buga rahotannin da matasa ke aiko mata daga irin waɗannan ƙasashe, da adireshin mujallunsu. Mai binciken da ya bi waɗannan shafuka yau zai ci karo da sunayen fanzin da yawa da ba zai same su a rajistar manyan laburaren nan ba, kuma masu su, in suna raye, da yawansu sun haura shekara 55.